Amaryar da Ba Ta Ɗaga Ido

"Rage murya, Nafosat! Katangar nan ba ta da kauri."

"Oyi, likita ce fa ta ce..." Oyi, haka suke kiran uwa.

"Likita ta ce! Likitar ce za ta aure ki?"

Nafosat ta ɗaga haɓa don ta ga fuskar mahaifiyarta da kyau. Haka take yi tun tana 'yar makaranta. In za ta kalli mutum sai ta ɗaga kai, in za ta duba gefe sai ta juya wuya gaba ɗaya. Ba wanda ya taɓa tambayar dalili.

"An riga an karya gurasar baiko," in ji mahaifiyar, tana ninke wani zanen alharini. "A gaban dattawan unguwa aka karya ta, kowa ya ci. Biki saura ƙiris. Ki daure a ɗaura, bayan nan ko Tashkent ne ni da kaina zan kai ki."

"In na kai bayan nan ɗin..."

"Kul! Kar na sake jin wannan a bakinki!" Ta matso, muryarta ta karye. "Ki tuna da ƙanwarki Gulruh. In aka ji gidan nan akwai mai ciwon zuciya, wa zai ƙwanƙwasa mana ƙofa? Ki rufa mana asiri, 'yata. Ki rufa mana asiri..."

Nafosat ta dafa ƙirji tana sauraro. Bugu ɗaya... shiru... sannan wani.

Abin dariyar, in har akwai dariya a ciki, shi ne idon nan ne ya samo mata surukar. Ranar da Mastura hola, wato Inna Mastura, mahaifiyar angonta Asliddin, ta zo ganin yarinya da ƙawayenta, Nafosat ce ta zuba musu shayi. Ta zuba kaɗan a gindin kofi yadda ake yi wa baƙo mai daraja, ta miƙa da hannun dama, hagu a kan ƙirji, idonta a ƙasa. Har suka tafi ba ta ɗago ba.

Kafin la'asar duk garin Margilan ya ji. A wurin mai gurasa, a layin masu alharini, a gidan suna, Mastura hola ba ta da wata hira.

"Yaran zamani suna kallon mutum kamar 'yan sanda. Tawa kuwa? Ko launin idonta ban gani ba!"

Kunya ta je nema, kunya kuwa ta gani. Ba ta ga yarinyar da fatar idonta ta yi mata nauyi kamar an rataya dutse ba.

Mai kwalliyar amare ce ta fara tona zancen, ranar gwaji.

"Buɗe idon mana, amarya, ba ango a nan."

"A buɗe yake."

"A'a, buɗe sosai."

"Iyakarsa ke nan."

Matar ta ajiye kwallin ta ce ta je a duba ta. Nafosat ta tafi asibitin ido da tunanin ɗigon magani za a ba ta. Likitar, wata dattijuwa mai gajeren gashi, ta ce ta bi yatsanta da ido kawai. Kan ya bi, idon ya tsaya cak. Ta haska cikin idon ta daɗe tana dubawa.

"Da magariba kina tuntuɓe?"

"Wani lokaci."

"Kina suma?"

Nafosat ta tuna. Sau biyu ta faɗi a gaban tanderu, aka ce zafin wuta ne. Sau ɗaya a bakin rariya, aka ce ai amarya ce, tunani ya yi mata yawa.

"Tashi," in ji likitar. "Ba gida za ki ba. Ɗakin masu zuciya za ki, yanzun nan."

A can aka manna mata wayoyi a ƙirji. Likitan zuciya ya duba abin da na'urar ta zana, ya cire tabarau. Ya ce cutar sunanta Kearns-Sayre, tana kama naman da ke motsa ido, tana kuma lalata hanyar da saƙo ke bi a cikin zuciya. Saƙon yana fita daga sama, ba kullum yake isa ƙasa ba. Wata rana zai iya ƙin isa gaba ɗaya. Maganin wannan ɗan ƙarfe ne mai batir da ake sawa ƙarƙashin fata, kusa da kafaɗa, ya riƙa tunasar da zuciya aikinta.

"Bayan biki zai yiwu?" ta tambaya.

"'Yata, ni ko bayan jibi ban yi miki alkawari ba."

Washegarin rigimarta da mahaifiyarta ta ce za ta kasuwa sayo zare. Tasha ta nufa, inda Asliddin ke lodin fasinjan Kokand a farar motarsa. Yana hango ta ya bar cinikin da yake yi.

"Kai, ango! Saura mutum ɗaya mota ta cika!" wani direba ya ƙwala masa.

"Ɗauke su duka, na ba ka kyauta!"

"Allah Ya ƙara kawo ta kullum!"

Ya ja ta inuwar wata bishiya da suke kira tut yana dariya. "Ga sarauniyata. Oyi tana cewa kunya ce da ke, ni kuwa na ce izza ce. Dubi yadda kike ɗaga min haɓa kamar na zo roƙon alfarma."

"Asliddin aka..." ta kira shi da girmamawa, kamar a ce yaya.

"Na'am, rabin raina."

"Ba izza ba ce. Ba kunya ba ce kuma."

Ta faɗa masa duka. Idon, sumar, ɗan ƙarfen. Ta faɗa masa idon ba zai warke ba, wataƙila ma ganin ya ƙara raguwa, kuma duk rayuwarta sai an riƙa duba jinta da sukarin jininta. Tana magana tana kallon maɓallin rigarsa, tana jiran ta ga ya ja baya.

Ya kama hannunta ya ɗora yatsu a kan jijiyar. Ta ga leɓensa yana motsi yana ƙirga, ta ga fuskarsa ta sauya.

"Nafosat... me ya sa take tsayawa haka?"

"Haka take."

"Tun yaushe kika sani?"

"Shekaranjiya."

"Shekaranjiya! Kina yawo a gari da ƙafa? Shiga mota! Asibitin Fargana za mu, yanzu!"

"A'a. Wurin Mastura hola za ka fara kai ni."

"Kin haukace? Oyi za ta iya jira!"

"In ta ji a bakin wasu, har mu mutu za ta ce an yaudare ta. Ba zan shiga gidanku da ƙarya a fuskata ba. Kullum na zuba mata shayi ta yabi abin da babu?"

"In ta ce a'a fa?"

Nafosat ta ɗaga haɓa ta dube shi. "Kai zan tambaya. In ta ce a'a fa?"

Asliddin ya dubi motarsa. Shi kaɗai ne ɗa namiji. Tun rasuwar mahaifinsa bai taɓa tsallake maganar tsohuwar ba.

"Shiga mota," ya ce a hankali.

Sun tarar da Mastura hola a ƙarƙashin rumfar inabi tana yanka karas sirara-sirara na shinkafar rana. Ganin su tare ta saki wuƙar.

"Wai! Kafin biki? Asliddin, so kake unguwa ta cinye ni ɗanya?"

"Oyi, magana ce da ita."

Nafosat ta durƙusa a gefen shimfiɗa. Ta sake faɗin abin da ta faɗa a tasha. Tsohuwar tana ji, fuskarta tana ƙara tsukewa.

"Wato..." ta ce daga ƙarshe. "Wato ranar nan da kika zuba mana shayi..."

"Ina son na kalle ku, hola. Idon ne ya ƙi."

"Na zaga gari ina tallar kunyarki! Har da matar liman na yi wa gori!"

Nafosat ta sa yatsu biyu ta ɗaga fatar idanunta sama, ta riƙe. Karo na farko ta dubi matar ido cikin ido. Idanun Nafosat ruwan zuma ne, cike da hawaye.

"Ga ni, hola. Wannan ce ni. Ina da surutu, ina da musu, Asliddin aka ya sani. In kun fasa, ku fasa da wadda kuka gani."

Mastura hola ta kawar da kai.

"Uwarki ta sani?"

"Ta sani. Tsoro ne ya hana ta, ba mugunta ba."

"Jikoki fa? Ɗana ɗaya tal!"

"Likita ya ce da wuya ya bi 'ya'ya, amma bai ce ba zai yiwu ba."

"Da wuya! Asliddin, ka ji? Da wuya za mu gina gida? Gobe zan aika kawunka ya..."

"Oyi." Asliddin ya katse ta. "Ban taɓa saɓa miki ba. Ki aika kawu in kina so. Amma ki sani, ni ba zan sake cin gurasar wani gida ba. Ita ce ko babu."

"Ni kake faɗa wa haka? A kan yarinyar da..."

Nafosat ta yunƙura za ta tashi ta ba su wuri. Rumfar inabin ta juya. Ta ji kamar an zare mata ƙasa, sai duhu.

"Nafosat! Nafosat!"

A cinyar Mastura hola ta faɗi. Tsohuwar ta yayyafa mata ruwa, ta mari kuncinta, sannan ta kifa kunne a ƙirjinta. Ba ta ji komai ba. Ta ƙara dannawa. Shiru... shiru... can sai bugu ɗaya, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofa yana shakka.

"Innalillahi! Me kake tsaye kana kallo? Ɗauko ta, jaki!"

A kujerar bayan mota tsohuwar ta zauna da kan yarinyar a cinyarta, silifa ɗaya a ƙafa, hannunta da ƙamshin karas yana kan ƙirjin. Duk bugun da ya zo sai ta ce, "Yauwa, 'yata, ƙara ɗaya." In ya yi jinkiri sai ta daki bayan kujera.

"Taka mana! Kullum ina maka faɗan gudu, yau ka zama kunkuru?"

Nafosat ta farfaɗo a hanya, ta sake tafiya, ta sake dawowa. Abin da ta iya tunawa shi ne muryar nan a samanta tana roƙon zuciyarta kamar ana lallashin yaro ya ci abinci.

A asibitin Fargana aka shige da ita da gudu. Aka fara zura mata waya ta wucin gadi ta jijiya, washegari aka sa na dindindin. Mahaifiyarta ta iso ɗankwali a karkace, ta tsaya nesa ta kasa matsowa. Matan biyu suka kalli juna a barandar asibitin.

"Na yi kuskure," in ji mahaifiyar Nafosat, tana kuka. "Na ji tsoron bakin mutane..."

"Ke kika ɓoye, ni kuma na makance," in ji Mastura hola. "Yarinya ta zuba min shayi ban ga ba ta da lafiya ba, ina can ina auna kunya. Zo ki zauna."

An ɗaga bikin zuwa kaka, lokacin rumman. Unguwa ta yi surutunta ta gaji. Wani gida da ya fara zagayen Gulruh ya janye, mahaifiyarta ta sha kuka, Gulruh ɗin kuwa ta ce dama hancin yaron bai yi mata ba. Likitar ido ta ce za a iya ɗan ɗaga fatar nan gaba, amma kaɗan, don kar idon ya kasa rufuwa ya bushe. Sauran sai bibiya da haƙuri.

Da safiyar da ta biyo bayan ɗaurin aure aka fito da amarya tsakar gida gaisuwar dangin miji. Mai waƙa tana kiran suna ɗaya bayan ɗaya, amarya tana rusunawa a ƙarƙashin farin mayafi. Asliddin yana jikin ginshiƙi, duk rusunawar da ta yi sai ya riƙe numfashi har ta ɗago.

Da aka yaye mayafin, wata baƙuwa daga Kokand ta dafa ƙirji.

"Kai, masha Allah! Ku dubi kunya! Ko ido ba ta ɗagawa..."

"Ciwo ne," in ji Mastura hola da ƙarfi, yadda har na bakin ƙofa suka ji. "Kunya kuwa ba ta da ita ko ta sisin kwabo. Jiya ma musu ta yi min a kan gishiri."

Tsakar gidan ya yi tsit, sannan aka fashe da dariya. Tsohuwar ta tako har gaban amarya, ta sa yatsa a ƙarƙashin haɓarta ta ɗaga.

"A gidan nan sama za ki riƙa kallo, kin ji? Akwai dakali a ƙofar kicin, ban son tuntuɓe."

"To, Oyi."

Da kanta a ɗage haka, ta hango Asliddin ta saman kafaɗar tsohuwar. Ya ɗora hannu a ƙirjinsa yana tambayarta da ido. Ta dafa nata, ƙasan kafaɗar hagu inda tabon yake, ta saurara. Bugu, bugu, bugu, ba jira a tsakani.

Ta gyaɗa masa kai.