Mazaunin Gaban Tebur

Kwana biyar ke nan Turai na yawo da wasiƙa a bakin zaninta, ta kasa ci ta kasa sha. Tushen abin kuwa tun bara ne, ranar da mijinta Na'ibi kafinta ya shigo gidansu na unguwar Hindawiyya, a ƙasa mai tsarki, da tebur a kafaɗa. Daga wata tsohuwar makaranta da ake rushewa ya ɗauko wa 'yarsu Mastura. Ƙafafunsa na ƙarfe ne, a gabansa kuma an haɗa mazauni mai naɗewa, na ɗalibin da ke layin gaba.

"Dubi aikin mutanen da," in ji Na'ibi, yana ɗaga mazaunin yana saukewa. "Ya doshi shekara tamanin, amma ko ƙiris. Don yara su tashi ba ƙara aka ƙera shi."

Turai ba ta ga amfanin wurin zaman da ba mai zama ba. Ta sauke shi, ta mai da shi wurin ajiye tiren shayi.

Rana ta uku, dab da magariba, gidan ya yi tsit. Sai tiren ya tashi ya bugi bango. Mazaunin nan marar ƙara ya shiga bugawa, ɓam, ɓam. Duwatsu suka yi ta sauka a kwanon rufi, alhali babu kowa a lungu. Mastura na zaune bayan tebur, ta kafe idanu a gabanta.

"Ummi," ta ce, "ya ƙi juyowa."

Daga nan ba ta sake magana ba, sai yaƙushi da cizo. Bayan la'asar ta kwana na bakwai da fara ciwon aka kawo Shehu Abdulghani, tsohon malami mai ruƙiyya. Ya daɗe yana karatu kafin wata murya mai kaushi ta fito daga bakin yarinyar.

"Ɗalibi ne ni. Kullum yamma yara na naɗe mazauni, in san an tashi, in tafi gida. Wannan shashashar ta buɗe ta danne. Kwana goma ba a tashe ni ba! Ga butar zafi a cinyata!"

"Ya Shehu, wallahi ban sani ba," in ji Turai.

"Rufe mini baki! Yarinya za ta zauna bayana har abada."

"Ƙarya kake," in ji Shehu, ya ɗaga murya da ayoyi har Mastura ta kurma ihu.

"Tsaya! Zan fita. Amma da safe zan sauke abina in zauna, kuma hannun da ya buɗe shi ne zai naɗe kafin rana ta faɗi. Ranar da aka fasa, ko aka fitar da teburin, na dawo."

"Ka rantse?"

"Na rantse. Halas, shi ke nan."

Mastura ta yi atishawa, ta nemi ruwa.

Wata goma sha ɗaya Turai ba ta fasa ba, ko biki ba ta kai yamma. To ga wasiƙa daga Gadarif ta Sudan: mahaifiyarta na kwance, sunanta kawai take kira. Jirgin ruwan Sudan ranar Alhamis zai tashi. Shehu ya rasu da azumi. Na'ibi ya ce zai riƙa naɗewa, ai hannu hannu ne.

Jiya da ya gwada, mazaunin ya ƙi motsi, Mastura kuma ta ɗago kai a hankali ta dube shi.

Ku da kuke da uwa kuke da 'ya, don Allah, yaya Turai za ta yi?