Tsokar Da Ta Koyi Murmushi

"Cije haƙoranki, Auta... a hankali," in ji likita.

Ta cije. A madubin ɗakin likita, gefen bakinta na hagu ya motsa, ya ɗaga sama kamar mai farkawa daga dogon barci.

Sai hawaye!

Tun da aka cire mata ƙari a gindin kunne, jijiyar fuska ta tafi tare da shi, rabin fuskarta ya saki. Shi ne likita ya karkato da tsokar gefen kai, wadda ake tauna da ita, ya bi da ita ta ƙarƙashin fata, ya ɗinke a kusurwar leɓe.

"Ita dai tauna ta sani," in ji likita. "Duk sanda kika cije, za ki yi murmushi. Idan ta saba, wata rana ba sai kin cije ba."

Mai hoto, masoyinta, yana tsaye a bayanta, idanunsa jajir. Shi ne wanda ranar da ya fara ganin murmushinta ya yi ta ɗaukar hoto bai cire murfin kyamara ba.

Sai dai Mamarsa ta ce ba ta yarda da auren ba. 'Yar ƙanwarta, wadda ta daɗe tana mutuwar sonsa, ita ta lalubo a wayarsa hoton Auta na bayan aikin farko, ta kai mata. Da ƙyar ya shawo kan Mama ta yarda ta ga Auta sau ɗaya.

A shagonsa aka haɗu, da yamma. A bango akwai labulen ɗaukar hoto mai zanen teku da ɗan kwalekwale, wanda ya sha ce wa Auta a cikinsa zai sace ta su tafi. Rana ta ratso taga ta zuba a kan tekun, har Auta ta ji kamar ruwan yana motsi.

Ta durƙusa ta gaida Mama.

'Yar ƙanwar ta taɓe baki. "Mama, kin gani ko? Tausayi ne kawai yake ɗawainiya da Yaya. Wa zai iya tashi da safe ya kalli wannan fuskar?"

Wani baƙin ciki ya kama Auta. Ta cije haƙora don kar kuka ya ƙwace mata.

Fuskarta kuwa ta washe da murmushi, mai kyau, har da ɗan kumatu.

Mama ta saki baki. "Ikon Allah! Ana ci miki mutunci kina murmushi? Irin wannan haƙuri, 'yar nan..."

Mai hoto ya ƙifta wa Auta ido, yana roƙonta ta yi shiru. Ga ƙofar aure ta buɗe da kanta, shiga kawai ya rage.

Amma zuciyarta ta ƙi.

"Mama, ki yafe ni, ba haƙuri ba ne," ta faɗa. "Haushi nake ji kamar in fashe. Aikin da aka yi min ne, in na cije haƙora sai fuskar ta yi murmushi. Ina son ɗanki kamar raina... amma ba zan shiga gidanki da ƙarya ba."

Mama ta ƙare mata kallo.

Can sai Mama ta fashe da dariya, har tana share ido da gefen mayafi.

"Kai kuma ka shiga uku, ranar da ka ga tana ta fara'a sai ka nemi wurin ɓuya!" Ta kamo hannun Auta. "Tashi, 'yata. Wadda ta ƙi yaudarata alhali tana da dama, ba za ta yaudari ɗana ba."

'Yar ƙanwar ta suri jakarta ta fice.

Mai hoto ya zaunar da Auta a gaban tekun, ya ɗaga kyamara.

"Hasken idona," ya ce ƙasa-ƙasa, "kwalekwalen nan fa har yanzu yana jiranmu."

Ta dube shi. Ta manta da madubi, ta manta da likita.

Ya sauke kyamarar a hankali, yana kallonta.

Ta kai yatsa gefen bakinta. Gefen ya ɗaga, ɗan kaɗan.

"Masoyi..." ta ce cikin raɗa. "Wallahi ban cije ba."