Tikitin Ummu Hazim

Ranar da Narmin ta fara ganin Hazim a layin gidan tarihi na Alƙahira, hankalinta bai kwanta da shi ba. Tikitinsa na ƙarfe huɗu ne, ga shi tun azahar ya dasa kansa a gaban ƙofar da take duba tikiti.

"Malam, lokacinka bai yi ba. Koma baya."

"Na sani," ya ce, yana murmushi.

Wani makon ya dawo, haka ma na gaba. Wane saurayi ne mai hankali zai dinga zuwa kallon gawar fir'auna kowace Talata? Ta ɗauka cikin masu sayen tikiti su sayar wa Turawa yake. Sai da ta tsare shi da tambaya ya amsa cewa injiniya ne, kuma ba fir'auna yake zuwa gani ba.

Daga nan saƙo ya fara shigowa wayarta.

"Gimbiyar ƙofa, yau harararki ta fi ta jiya daɗi."

"Ka ci gaba da zuwa da wuri, zan haɗa ka da masu gadi, Sarkin layi."

Tana son sa, ta daina musu da zuciyarta. Matsalar ita ce mahaifinta Gabir shi ne shugaban masu gadin wurin, mutumin da ko gaisuwa sai ya juya ta ya duba ƙasanta. Tamir, mai raka baƙi da ta taɓa ƙi, ya kai masa gulma wai tana shigar da saurayinta ba a kan lokaci ba.

"Wanda zai lalata miki aiki ba miji ba ne," in ji Gabir. "Na kama ki sau ɗaya, magana ta mutu."

Ranar hutu layi ya kai titi. Sai ga Hazim da wata dattijuwa tana haki, lokacin tikitinsu ya wuce. Gabir na tsaye a inuwa, ya kafa musu ido.

"Mamana ce," Hazim ya raɗa mata. "Ganin ki ta zo yi. Cunkoso ne ya riƙe mu."

Narmin ta dubi mahaifinta, ta dubi tsohuwar. In ta buɗe, ta rasa shi a wajen ubanta. In ta hana, wace uwa ce za ta yafe?

"Hajiya, ki yi haƙuri, lokacinku ya wuce."

"Kin san ko ni wace ce, 'yan mata?"

"Na sani, Hajiya. Amma waɗannan ma tun safe suke cikin rana."

Ta jawo kujerarta ta ajiye wa tsohuwar a gefe, ta miƙa mata ruwanta, ta koma aiki idonta cike da hawaye.

Har yamma wayar shiru. Narmin ta gama yanke ƙauna, ko abinci ta kasa ci. Sai saƙo ya shigo.

"Gimbiya, Mama ta ce matar da ta iya tsayar da ita a ƙofa, ita take so ta riƙe mata gidan ɗa. Alhamis muna tafe."

Gabir ya karɓi wayar ya karanta, ya sake karantawa yana neman inda dabarar take, bai samu ba.

Alhamis aka karanta Fatihar baiko, aka zagaya da jan lemon sharbat. Ranar ɗaurin aure uwar ango, Ummu Hazim, ta riƙe hannun amarya gam.

"Allah ya yi miki albarka, 'yata. Ya ba ku zuri'a masu taurin kai irin naki."

Gabir ne ya fi kowa ɗaga murya da amin.