Babin da Nasiruddeen Ya Ƙi Karɓa

Da hantsin Asabar Mahbuba na zaune a tsakar gidansu na unguwar Turaki tana tsintar shinkafa, sai yayanta Njidda ya fito yana karkaɗa makullin mota. Tun da ya samu aiki a sakatariya ya daina kallon mutane sai ta gefen ido.

"Malamar 'yan Kamaru!" in ji shi. "Ya ɗalibin naki? Ya fara haɗa jimla, ko har yanzu ana A, B, C?"

"Hamma, don Allah ka bari."

"In bari? Ƙato da gemu, ana koya masa Turancin da ɗan firamare ya wuce! Wai shi ne surukin gidan nan. Tir!"

Nasiruddeen yake nufi, ɗan Garwa ta ƙasar Kamaru, wanda ya yi karatunsa duka da Faransanci kafin ya zo jami'a a Jalingo yana karanta aikin gona. Mahbuba kuwa tana aiki a sashen da ke taimaka wa ɗalibai baƙi da Turanci da rubutun jami'a. Can suka haɗu. Da manyansa suka zo neman aure, mahaifinta Baffa, wanda ya tsufa a cinikin shanu a kasuwar Iware, ya gindaya sharaɗi ɗaya: yaro ya gama karatu bana, a ɗaura. In bai gama ba, a bar maganar.

Furojet kaɗai ya rage masa, wato kundin kammala digiri, a kan gwajin taki a gonar masara. Amma malamin da ke duba aikin ya dawo masa da babi na huɗu, ya ce Turancin ba ya karantuwa, ga lokaci ya ƙure.

Sashen nasu yana da ƙa'ida: mai koyarwa ba ya taɓa alƙalami. Zai zauna gefen ɗalibi ya tambaye shi, "Me kake son faɗa a nan?" Ɗalibi ne zai faɗa, shi zai rubuta, shi zai gyara. Hanya ce mai kyau, sai dai ba ta sauri.

"Ke ma dai sakarya ce," Njidda ya ƙara yana buɗe ƙofa. "Mutum nawa aka buga wa furojet a shagon kwamfuta, yau suna ofis? Ki rubuta masa mana, tunda kan nasa ba ya ja!"

Maganar ta yi mata zafi, amma ta shige ta. Kafin Litinin ta rubuta babin tsaf.

A gindin mangwaron bayan sashen ta miƙa masa. Nasiruddeen ya karanta shafin farko a hankali, ya rufe, ya mayar mata da hannu biyu.

"Ya yi kyau sosai. Amma wannan ba ni ba ne."

"Masararka ce, takinka ne, gwajinka ne! Turancin kawai na sa!"

"Sunana zai hau kai, in rantse ni na rubuta."

"Nasir, aurenmu fa!"

"Na sani, Mahbuba. Ba zan shiga gidan Baffa da takardar ƙarya ba."

"To zauna da gaskiyarka!" Ta miƙe. "Ba ka iya ba, kuma ba ka karɓar taimako — girman kan banza! Ashe Hamma bai yi ƙarya ba!"

Ta juya ta bar shi a nan. Ta yi ta kuka a cikin keke Napep har gida, tana jin haushinsa, tana jin haushin bakinta.

Shekarar ta wuce shi bai gama ba. Ranar da labari ya iso, Baffa na kan tabarma bayan la'asar, Njidda ya faɗo gidan da dariya. Mahbuba na jin su daga kicin.

"Baffa, an gama! Sifil-oba — sai ya maimaita shekara! Abin dariyar ma, 'yarka ta zauna ta rubuta masa babin da hannunta, ya ce ba ya so, wai ba nasa ba ne. Ka taɓa ganin dolo irin wannan?"

Baffa ya ajiye carbinsa. "Ta rubuta, ya ƙi?"

"Wallahi!"

"Ya san in ya ƙi ya rasa ta?"

"Sarai ya sani."

"Ita kuma wa ya ba ta shawarar?"

Njidda ya hau duba wayarsa, kamar an kira shi.

Baffa ya kira Mahbuba, ta durƙusa kanta a ƙasa. "Ke, abin da kika yi ha'inci ne, kada ki kuma. Na sha ganin masu ba saniya gishiri ta cika ciki da ruwa ranar kasuwa, don ta yi kyau a ido. Wanda zai kawo tasa a rame ya ce ga yadda take, shi nake bar wa garkena in yi tafiya." Ya ɗauki carbinsa. "Na janye sharaɗina. Ya gama da hannunsa, ko baɗi ne. Za mu jira."

"Amma Baffa, mutumin da ko Turanci—"

"Kai da ka iya, ga abin da ka koya wa ƙanwarka."

Washegari Mahbuba ta nemi gafarar Nasiruddeen. Ta kuma roƙi a haɗa shi da wani mai koyarwa, Malam Nathan, don ta san zuciyarta ba za ta iya zama gefensa ta naɗe hannu ba. Shekarar ta yi mata tsawo. Ƙawaye sun yi habaici, Njidda bai fasa tsaki ba. Shi kuwa ya bi babin layi-layi, ya goge, ya sake, har ranar da ya tsaya gaban malamai ya kare aikinsa da Turancinsa mai ƙamshin Faransanci, ya ci.

Bayan girbi aka ɗaura auren. Njidda ne aka sa rabon goro.

'Yan'uwana matasa, wani lokaci mai ƙaunarka ne zai miƙo maka hanyar da ba ta dace ba, da hawaye a idonsa. Ƙin karɓa yana da ɗaci, jira ma yana da ɗaci. Amma mutumin da ya ƙi yin ƙarya don ya same ki, ba zai yi miki ƙarya ba bayan ya same ki.