Wayar da ke Ƙarƙashin Kujerar Baya

"Kowa ya kwanta! Uban wa ya ce ka ɗago kai?"

Muryar Oga ce, shugaban gungun 'yan fashi, daga cikin shagon zinariya, da rana tsaka. Injiniya na cikin mota a bakin titi, ƙafarsa a kan totur. Ba injiniyan komai ba ne, mai gyaran wayarin mota ne da kasuwa ta juya wa baya, 'yan gungun suka laƙaba masa sunan don tsiya. Ƙaninsa Auta ne ya fara shiga harkar, shi kuma ya biyo shi wai don ya sa masa ido.

Suka fito a guje. Oga gaba, Kunama da jaka, Auta a ƙarshe. Auta ya faɗa kujerar baya ya ja ƙofa, sai tau! Maigadin shagon ne, da tsohuwar bindigarsa. Kunama ya juya ya zuba wa maigadin harsashi uku a ƙirji.

"Ja mu tafi!" in ji Oga.

Injiniya ya fizgi motar. Sai da suka bar gari ya ji nishi a bayansa.

"Yaya, ya same ni."

Harsashin ya huda ƙofa ya shiga cinyar Auta, jini na tsiyaya cikin kujera. Akwai wani malamin asibiti da ke yi musu ɗinki a ɓoye, tafiyar minti ashirin. In an kai yaron can, zai rayu.

A kan wata hanyar gona motar ta yi tari sau biyu, ta mutu.

"Wane irin iskanci ne wannan?" Oga ya ɗora wa Injiniya bakin bindiga a ƙeya. "Kai ka ce wannan tsohuwar akwalar ta fi sabuwa!"

"Ku yi min shiru."

Ya murɗa makulli rabi, ya kasa kunne. In famfon mai yana da rai, sai ka ji shi yana ɗan gurnani daga tanki. Shiru kake ji. Ya buɗe akwatin fis, na famfon ya ƙone. Ya zare na hon ya sa. Fat! Shi ma ya ƙone nan take.

"Waya ce ke taɓa ƙarfe," ya ce, gumi na shiga masa ido. "Kuma a wannan motar ta ƙarƙashin kujerar baya ta bi."

Duk suka kalli Auta.

"To a sauke shi mana," in ji Kunama, kamar buhun siminti ake magana.

Can a shagon, matar maigadi ta iso da kwanon abincin mijinta, ta tarar an rufe shi da kwali. Motocin 'yan sanda biyu sun riga sun bi hanyar da masu kallo suka nuna.

Injiniya ya rungumo ƙaninsa ya kwantar da shi a gindin wata bishiya, ya ɗaure cinyar da rigarsa.

"Kar ka bar ni, Yaya."

"Bakinka ya sari ɗanyen kashi. Minti biyar kawai."

Ya ɗaga kujerar. Jini ya cika wurin, da ɗuminsa. Ya sa yatsu a ciki yana bin waya taku-taku har ya ji inda ta yi kaushi. Harsashin nan ne, bayan ya fita daga cinyar ya yage robar wayar, tagulla na gogar ƙarfe. Ya datse wurin da filaya, ya fere bakin da haƙori, ya tofar da jinin ƙaninsa, ya murɗe biyun ya naɗe da salatif. Ya sa fis ɗin fitila, na ƙarshe ke nan.

Daga nesa jiniya ta fara tashi.

Tun da ya shiga gungun, Injiniya bai taɓa bari wani ya riƙe makullin motar ba, domin ya san da wa yake zaune. Amma shekara ashirin a gareji ta koya wa hannunsa wani abu dabam: mai wayarin ba ya tayar da mota da kansa, kunnensa na kan tanki, wani ne ke murɗawa. Ko tunani bai yi ba. Ya cilla wa Oga makullin.

"Murɗa rabi. Tsaya!"

Zzzz, famfon ya amsa.

"Tayar!"

Motar ta tashi lafiya lau. Injiniya ya yi dariyar da bai san ta fito ba, ya ruga gindin bishiya. Ya sunkuya ke nan zai ɗauki Auta ya ji an rufe ƙofa.

"Oga!"

Oga ya leƙo ta taga. "Wannan ai gawa ce, Injiniya. Kai kuma ba za ka taho ka bar shi ba, na san halinka. Sannu da aiki."

Kunama har da ɗaga masa hannu.

Oga ya ja motar, Injiniya ya bi su da gudu, ya jefe ta da filaya, ya zagi uwar Oga har muryarsa ta dushe. Daga nan ya tsaya yana sauraren injin, yana roƙon Allah wayar ta saki, ko fis ɗin ya sake ƙonewa. Ina! Bai taɓa yin aikin ha'inci ba a rayuwarsa, yau ma bai yi ba. Ƙarar ta yi ta nisa sumul har ta ɓace.

Ya dawo ya ɗora kan Auta a cinyarsa. Leɓen yaron ya yi fari fat, idonsa a rufe.

"Ta tashi, Yaya?"

"Ta tashi."

"Na sani. Babu motar da ke gagarar ka." Ya ɗan murmusa. "To ɗauke ni mu tafi."

"Yanzun nan, Auta."

Da 'yan sanda suka iso, sai da mutum uku suka taru kafin su ɓanɓare hannunsa daga jikin gawar. Aka buga masa gindin bindiga a baki, haƙora biyu suka zube. Maigadi ya bar 'ya'ya biyar, Auta bai cika ashirin da biyu ba, zinariya kuwa ko ƙyallinta Injiniya bai gani ba.

Wani sajan ya taka masa wuya da takalmi. "Ina sauran? Motarsu za ta yi nisa?"

Injiniya ya tofar da jini.

"Za ta yi," ya ce. "Ni na gyara ta."