Ramin Gwaji a Filin Yaya

Aikin Injiniya ke nan: kafin a sa harsashin gini, sai ya haƙa rami, ya murza ƙasar a tafin hannu, ya shinshina, sannan ya zuba ruwa ya ga yadda ƙasa take sha. Wannan karon filin yayarsa ne. Mijinta ya rasu ya bar ta da 'yar auta guda, kuma gobe magina za su fara. Kalmarsa kawai ake jira.

Da hantsi ya haƙa ramin, zurfinsa ya kai ƙugu. Jar ƙasa mai tsakuwa, irin wadda magini ke mafarki. Da yamma ya dawo da jarkoki biyu a bayan babur, don ya ƙarasa gwajin ruwa ya mayar da ƙasar.

Rana ta yi ja. Babu kowa sai turakun awo da igiya.

Ya juye jarka ta farko, ya tsuguna da sandar awo. Ƙasa irin wannan a hankali take sha. Amma kafin ya sa sandar, ruwan ya tafi. Ƙurungus! Ko laima babu.

"Kai, wannan wane irin ƙishi ne?" ya ce, har da 'yar dariyarsa. Da ya sani ya tsaya nan. Amma ina, mai sana'a ba ya yarda da gwaji ɗaya. Ya juye ta biyu.

Sai ya ji ɗiga.

Ɗis. Ɗis. Can ƙasa, kamar ruwa na sauka a kwano cikin ɗaki.

Wari ya taso daga ramin, na wutar itacen da aka kashe da ruwa. Hayaƙi siriri ya biyo baya.

Tsuntsaye suka yi tsit.

Jariri ya tsala kuka. A ƙarƙashin ƙafarsa.

Ya so ya yi addu'a, harshe ya ƙi.

Muryar wata mace ta fito, ƙasa-ƙasa, ba fushi a cikinta, abin da ya fi tsorata shi ke nan.

"Bawan Allah, rufinmu ka huda."

Sandar awon da ke hannunsa ta motsa. Wani ya riƙe ɗaya bakin, yana ja a hankali.

"Leƙo ka ga ɓarnar da ka yi."

Bakin ramin ya fara zubewa ƙarƙashin takalminsa. Ya saki sandar, ta shige har ƙarshe. Ya faɗa da baya, ya ja jiki da gwiwar hannu, takalmi ɗaya ya bi sandar cikin ramin. Babur ma a can ya bar shi.

Da gudu ya isa wajen Yaya, ƙafa ɗaya ba takalmi.

"Yaya, don girman Allah kar ki yi gini a filin nan."

"Ƙasar ce ba kyau?"

Bai iya ƙarya a kan ƙasa ba.

"Ƙasar lafiya lau. Amma da mutane a ciki."

Ta dube shi sama da ƙasa. "Kai dai tun kana yaro inuwarka ma tsoronta kake. Ni da marainiya ina za mu?"

Ta kira wani mai gwajin, ya ce filin ya fi kowanne a layin. Gaskiyarsa kuwa. Gida ya tashi, ko tsaga babu, damina ta zo ruwa bai kwanta ba.

Injiniya bai sake zuba ruwa a rami ba sai ya yi sallama. Gidan Yaya kuwa ya daɗe bai taka ba, sai da kunya ta kai shi.

Ya tarar da 'yar auta kwance a tsakar ɗaki, kunnenta manne da siminti, tana ƙyalƙyala dariya. Ƙafarta sanye cikin wani ƙaton takalmi ƙwaya ɗaya, duk jar ƙasa.

Ta ɗago kai.

"Kawu, maƙwabtanmu na ƙasa suna gaishe ka. Sun ce har yanzu rufin na yoyo, yaushe za ka sauko ka gyara?"