Kifin Farko a Tafkin Ha'ir

Kwaɗayin mai ciki ne ya fitar da Zayyanu daga gida a wannan Juma'ar, ba wani abu ba.

Zayyanu Bakabe ne, ɗan masunta, amma tun da ya gama karatun lantarki ya yi sallama da gora da homa. Wani kamfani ya kawo shi Riyad, ya samu iƙama, wato takardar izinin zama, da ta ba shi damar ɗauko matarsa Zuhura, suka kama gida a hawa na uku a unguwar Manfuha, saman wata baƙala, wato kantin kayan masarufi. Sun daɗe suna roƙon Allah haihuwa. Da Ya tashi bayarwa kuwa, sai Ya ba da biyu. Likita ta nuna musu a allon na'ura, ga kai nan, ga wani kan nan. Tun a mota Zuhura ta gama raɗin suna: idan mata ne, Hassana da Huseina, ba sai an yi shawara ba.

Sai dai cikin ya zo da ƙin abinci. Shinkafa ta ƙi zama, shayi ma sai ya dawo. Abu ɗaya ranta yake so, farfesun tarwaɗa wadda aka yanka tana motsi. Zayyanu ya zaga kasuwar Batha, ya sayo mata kifin salmon mai jan nama, ta shinshina ta kau da kai.

"Yaya, wannan warin firji yake yi, ba na ruwa ba."

Wuyanta ya soma zurmawa, zoben hannunta yana sulɓewa da kansa. Hankalin Zayyanu ya tashi.

Maƙwabcinsa Badamasi ne ya kawo shawara. Direban motar ɗaukar kaya ne, Bakatsine, kuma kowa ya san Bakatsine ba ya ganin Bakabe ya ƙyale.

"Wai kai jikan sarkin ruwa, matarka na neman kifi kana yawon kanti? Akwai tafki can kudu wajen Ha'ir, ƙarshen Wadi Hanifa, 'yan Bangladesh ma cika bokiti suke yi. Yalla, zan kai ka, in gani ko Kabawa baki ne kawai."

Lokacin zafin Riyad ya karye, rana ta daina cizo, iskar yamma har da ɗan sanyi-sanyi. Suka fita bayan La'asar. Suka bar kwalta suka bi turɓaya, suka wuce gonakin dabino, har hanya ta ƙare a kan wani tudu. Nan suka ajiye mota suka gangara da ƙafa ta cikin dogayen ciyayin da suka fi mutum tsawo.

Tafkin ya fi yadda Zayyanu ya zata girma. Ruwa ne kore, mai kauri, shimfiɗe tsakanin duwatsun hamada kamar an ajiye shi inda ba wurinsa ba. Ba kowa a bakinsa. Kwaɗi na kuka, sauro ya yi gajimare, ga warin laka da na wani abu mai kama da sabulu.

"Ruwan wankan mutanen Riyad ne aka tace," in ji Badamasi. "Wa ya sani, wataƙila har da na ƙafarka."

Suka sa hanjin kaza a ƙugiya suka jefa. Shiru. Suka sauya wuri. Shiru. Rana ta yi ja, inuwar duwatsu ta rarrafo ta hau kan ruwan, ko motsi fatsar ba ta yi ba.

"Halas, mu tafi," in ji Badamasi. "Zan gaya wa Zuhura kifin ya ji ƙamshin Bakabe ya yi hijira."

Zayyanu bai yi dariya ba. Wuyan matarsa yake gani. Sai ya tuna abin da mahaifinsa kan yi idan ruwa ya yi rowa, abin da shi kansa ya daɗe da cewa camfi ne. Ya tsuguna, ya naɗe hannun riga, ya mari ruwan da tafin hannu. Ya yi ƙasa da murya.

"Salamu alaikum, masu gida. Baƙo ne. A sam wa baƙo."

Ya san sauran maganar, don da ita aka yaye shi. Wanda ya roƙi ruwa, kifin farko na ruwa ne, sai a mayar. Mai ƙwai kuma ko ta goma ce ba a ɗauka.

Kwaɗin suka yi tsit. Gaba ɗaya, kamar an rufe ƙofa.

Fatsar ta lanƙwashe.

Da ƙyar ya jawo ta. Tarwaɗa ce baƙa wuluk, ta kai tsawon hannu, gashin bakinta na lilo. Ba ta yi fisge-fisge ba, ta kwanta a laka tana kallonsa. Cikinta ya kumbura tam, har fatar ta yi sheƙi.

"Allahu Akbar!" Badamasi ya tafa. "Mai ciki ta samu mai ciki. Sa ta a bokiti."

"Ta farko ce," in ji Zayyanu. "Ga ƙwai kuma. Mayarwa ake yi."

"A mayar wa wa? Ya sheikh, nan Saudiyya ce. Aljanun Kabi ba su da biza. Ka mayar, ka je ka gaya wa baiwar Allah ta ci haƙuri da barkono."

Zayyanu ya sake jefa ƙugiya, ko Allah zai kawo ta biyu. Ruwan ya yi kamar gilashi. Rana ta taɓa kan dutse. Ya dubi ruwan, ya dubi kifin, ya cije leɓe. Ya ɗauki tarwaɗar ya saka a bokiti.

Suka kama hanyar mota.

Da za su sauko ƙasar a bushe take, har ƙura ta hau takalmansu. Yanzu kuwa caɓal, caɓal. Zayyanu ya dubi ƙasa. Ruwa ne ke tsattsafowa cikin sawunsa. Na Badamasi a bushe.

Ciyayin suka fara motsi a bayansu. Babu iska.

Ƙarni ya taso, mai nauyi, irin na ramin da kifi ya mutu a ciki. Tarwaɗar ta yi wani kuka a bokiti, ƙurr, ƙurr. Can cikin ciyayi wani abu ya amsa mata. Muryarsa ta fi kauri.

"Ka ji?" Zayyanu ya raɗa.

"Me? Yi sauri malam, magariba ta yi."

Suna isa tudun wayar Zayyanu ta yi ƙara. Zuhura ce. Raɗa take yi, numfashinta na sarƙewa.

"Yaya, ka aiko wata ne?"

"Wa?"

"Wata ce a ƙofa. Ba ƙwanƙwasawa take ba, marin ƙofar take da tafin hannu. Yaya, ruwa na shigowa ta ƙasa. Koren ruwa. Ƙarni ya cika ɗakin."

"Kar ki buɗe."

"Da Hausa take magana. Irin ta garinku."

"Me ta ce?"

Marin ƙofar ya dawo. Ta cikin wayar ya ji shi. Fat. Fat. Fat.

"Ta ce an ɗauki tasu mai ciki. A ba ta mai ciki."

"Shiga ɗaki ki kulle. Ki yi ta Ayatul Kursiyyu, kar ki tsaya. Kar ki amsa ko da muryata kika ji."

Ya jefa wa Badamasi wayar, ya fizgi bokitin ya juya da gudu. Badamasi na kira, bai waiga ba.

Ciyayin suka rufe hanya. Suna yankar fuskarsa, suna naɗe ƙafarsa. Ya yi tuntuɓe, bokitin ya kife, tarwaɗar ta sulale cikin ƙasa. Ya faɗa kanta ya cafko. Santsi. Ta kufce. Ya sake cafka, ya matse ta da ƙirjinsa da duk ƙarfinsa.

Ya ji wani abu mai ɗumi ya gangaro a hannunsa.

Ƙwai. Sun tsiyaye a kan rigarsa, sun zuba a busasshiyar ƙasa, ƙura ta shanye su nan take.

"Innalillahi."

Ya miƙe ya ci gaba. Ya fito bakin tafkin.

Ruwan ba ya inda ya bar shi. Ya janye can ciki, ya bar baƙar laka. Ya taka, ruwan ya ƙara ja baya. Ya sake takawa, ya sake ja. Laka ta kama idon sawu. Ta kama ƙwauri. Ta kama gwiwa.

Sai ruwan ya tsaya.

Wata halitta na nan tsugune a ciki, ruwa iya ƙugu. Da farko ya ɗauka kututture ne. Sai kututturen ya ɗago kai.

Fata baƙa, sumul, ba gashi ko ɗaya. Ƙananan idanu, nesa da juna. Baki daga kunne zuwa kunne. A gefen bakin wasu dogayen abubuwa suna motsi da kansu, suna shinshinar iska.

"Bakabe."

Muryar kamar ana zuƙe ƙafa daga laka.

"Na kawo ta," ya ce. "Ga ta. Ku yi haƙuri."

"Wancan ɗan tudun bai san komai ba. Ba ma bin wanda bai sani ba. Kai ka yi sallama. Kai ka roƙa."

"Na yi kuskure."

"Ka sani ka take."

Ya sunkuya ya sa kifin a ruwa. Wani abu ya kama wuyan hannunsa ta ƙasa. Sanyi ya ratsa shi har ƙashi. Ba yatsu ba ne, amma ya riƙe kamar yatsu.

Ɗaya hannunta ya shafa cikin tarwaɗar. A hankali. Daga sama zuwa ƙasa.

Ta tsaya.

"Ba ta cika ba."

"Faɗuwa na yi. Wallahi faɗuwa na yi."

"Da cika ka ɗauka. Da rabi ka dawo."

Ta ja. Fuskarsa ta kusa taɓa ruwan. Ƙarni ya cika masa baki. Ya nemi addu'a, harshensa ya yi nauyi. Laka ta kai cinya.

"A ɗauke ni," ya ce. "Ni na yi. A bar su."

Bakin nan ya buɗe. Dariya ce, ko wani abu mai kama da ita.

"Me za mu yi da namiji?"

Can nesa, daga masallacin wata gona, ladan ya ɗaga murya. Siririya, iska na yanka ta. A daidai nan hasken mota ya fasa ciyayi. Badamasi ne ya kutso da motar har bakin laka, yana danna oda, yana ihun salati. Igiyar ɗaure kaya ta faɗo a kafaɗar Zayyanu.

"Kama! Kama, don Allah!"

Riƙon ya saki. Ba don tsoro ba. Saki ne irin na wanda ya riga ya karɓi abinsa.

Ya naɗa igiyar a hannu, motar ta ja baya, laka ta tofo shi ba takalmi. Da ya waiga babu kowa. Ruwan ya dawo bakinsa na ɗazu, lumui. Kwaɗi suka ɗauki kuka.

Suka kama hanyar gida. Sai da suka hau kwalta Badamasi ya ce, ba tare da ya dube shi ba, "Ban ga kowa ba. Amma na ga ruwa ya riƙe maka hannu."

Suka tarar da Zuhura a ƙuryar ɗaki da carbi. Ta ce ana fara kiran salla marin ƙofar ya tsaya. Ta ce a lokacin ta ji wani abu ya murɗa a cikinta sau ɗaya, mai sanyi, sannan ya lafa. A bakin ƙofa ga koren tabo a kan tayil, wanda har suka bar gidan bai goge ba. A daren ta ci shinkafa faranti guda ta nemi ƙari. Ba ta sake ambaton kifi ba.

Da suka koma asibiti, likita ta daɗe tana zagaya na'urar a kan cikin. Ta kira wata, suka duba tare. Bugun zuciya ɗaya ne. Ɗayan babu shi, babu alamarsa. Likitar ta ce hakan yakan faru, su gode wa Allah da wadda ta rage. Zayyanu ya gode. Bai ɗaga ido ba.

Mace aka haifa, lafiyayya. Ranar suna dattawan Hausawan Manfuha suka ce ai tilo ba ta zama Huseina. Zuhura ta ce haka za a sa. Hassana ita ce babba, ta riga ta yi gaba.

Badamasi bai ƙara tsokanar Bakabe da zancen ruwa ba. Zayyanu kuwa har yau wuyan hannunsa na dama sanyi ƙalau yake, ko a tsakiyar zafin Riyad, kuma ya hana a bar ruwa ya kwana a buɗe a gidansa.

Amma gida mai yaro ba ya rasa mantuwa. Wata yamma ya dawo daga aiki ya ji dariyar Huseina a banɗaki, lokacin ta fara tafiya. Ya leƙa. Tana tsugune gaban bokitin wanki, da gutsuren burodi a hannu. Ta raba shi biyu, ta ci rabi, ta jefa rabi a ciki.

Sannan ta ɗaga ɗan tafin hannunta ta mari ruwan.

Babu wanda ya koya mata.

Daga ƙasan bokitin, wani ɗan hannu ya mayar mata. Fat.